Gwiwar Obadiah da Kujerar da Aka Yi wa Walda

Hajiya Rahmatu Lawal,
Rumfar Citta da Gyaɗa, Bakin Titi,
Godogodo, Ƙaramar Hukumar Jema'a,
Jihar Kaduna.
8 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga:
Dattijo Azariya Silvanus,
Shugaban Kwamitin Amintattu,
Ƙungiyar Gama Kai ta Manoman Citta da 'Yan Kasuwa "Albarkar Tudu",
Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DAKATAR DA DIREBAN ƘUNGIYA, BABA OBADIAH, DA AKA YI DA SUNANA BA DA SANINA BA, DA KUMA MATSIN KUJERAR DIREBA A SABUWAR MOTAR ƘUNGIYA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan wannan takarda ta sami Shugaba da iyalinsa lafiya, damina kuma tana tafiya yadda ake so, ina neman izinin gabatar da ƙorafina a matsayina na memba a wannan ƙungiya tun kafuwarta.

Ni ce matar da motar ƙungiya ta rushe wa rumfa a Godogodo ranar 12 ga Agusta, 2025. A kan wannan hatsari ne aka dakatar da direba Baba Obadiah, wanda kowa ke kira Baba Dogo, kuma an ce Kwamitin Amintattu zai tabbatar da korarsa a zaman ranar Asabar, 27 ga Satumba. Shugaba ya san mutumin. Shi ne wanda sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar ofishin ƙungiya. Ya haura shekara ashirin yana jan tsohuwar a-kori-kurarmu, a laka da duwatsu, ko kaza ba a taɓa cewa ya take ba. Abin da zan faɗa a ƙasa, wani na gani da idona, wani na ji daga bakin matarsa Madam Keziya, da dillalin motar, da mai waldar da aka sa aiki. Dukkansu suna raye, ana iya tambayarsu.

1. Yadda aka zaɓi motar.

Ranar Asabar, 10 ga Mayu, 2025, Manajan ƙungiya Mista Dickson da Ma'aji Madam Scholastica suka tafi wurin wani dillalin motocin Kwatano a Mararaban Rido domin sayen ƙaramar jif. Baba Obadiah ne ya kai su. Da aka isa, aka bar shi a bakin ƙofa yana gadin jakunkuna.

Dillalin ya nuna musu motoci uku: fara, baƙa, da ruwan toka. Da yake ya san manya a baya suke zama, sai ya tura kujerun gaba duka har suka kusa taɓa gilashi, ya buɗe musu ƙofar baya. Manaja da Ma'aji suka bi motocin ɗaya bayan ɗaya, suka zauna, suka miƙe ƙafa, suka jingina, suka gwada sanyin iska. Suka zaɓi farar, saboda kujerar bayanta ta fi laushi, kuma tana da taga a rufi, wadda Manaja ya ce ranar bikin girbi mutum zai iya miƙewa ta ciki ya ɗaga wa jama'a hannu. Da girmamawa nake faɗa, Ranka ya daɗe, an gwada kowace kujera a motar nan ban da guda ɗaya, wato ta mutumin da zai riƙe ran kowa a hannunsa. Ba a kira shi ba sai da aka gama ciniki aka miƙa masa makulli.

2. Abin da na gano da na je da kaina.

Ni ba makanika ba ce, citta nake aunawa. Amma da abin ya dame ni, ranar Asabar, 30 ga Agusta, na ɗauki ƙanena Abubakar Siddiƙ, wanda tsawonsa da na Baba Obadiah kusan ɗaya ne, muka bi ta Kasuwan Magani har wurin dillalin. Baƙar da ruwan tokar suna nan ba a sayar ba, kuma yana da wata fara irin tamu sak. Na roƙe shi ya bar ƙanena ya zauna a kujerar direba ta kowacce.

A farar, ko da aka tura kujera ƙarshen baya, hularsa ta tokare da rufi sai da ya cire. Dillalin da bakinsa ya ce tagar nan ta sama ita ke cinye wurin kai, domin ƙarafunanta a cikin rufin suke. Kujerar ba ta sauka ƙasa sosai. Sitiyarin yana ɗagawa kaɗan, amma ba ya jawuwa zuwa ƙirji. Da ya ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki, gwiwarsa ta goge ƙasan sitiyari. Ta wuce dai, amma da ƙyar.

Baƙar ita ce ta fi girma a ido, mutum zai rantse ita za ta ɗauki dogo. Ashe girman duk a waje yake. Kai yana samun wuri, amma tudun da giya ke kai yana da faɗi, ya danne masa gwiwar dama, ba ta da inda za ta karkata. Bai daɗe a ciki ba ya fito yana murza ƙafa.

Ruwan tokar ba ta da ado, ba taga a rufi, fentinta ma ya ɗan koɗe. Amma kujerarta ta sauka, ta ja baya har sai da ƙanena ya ce ya isa, sitiyarin kuma ya jawu ya same shi inda yake. Ya zauna da hularsa a kai, ya taka totur, ya taka birki, gwiwarsa ba ta taɓa komai ba. Aibinta ɗaya ne: idan dogo ya zauna a gaba, wanda ke bayansa sai ya ɗan tattara ƙafa. Dillalin ya ce tun a ranar, ko da kujerun gaba a ture, Madam Scholastica ta ce bayanta ya yi ƙunci, a bar ta.

Ban kawo wannan magana don in koya wa kowa sayen mota ba. Na kawo ta ne domin Shugaba ya san cewa motar da ta dace tana tsaye a gefen wadda aka saya, kuma mutumin da zai faɗi haka yana bakin ƙofa da jakunkuna.

3. Cewa ya yi magana tun da wuri, ba a saurare shi ba.

A takardar dakatarwa an rubuta wai bai taɓa kawo kuka kan motar ba. Wannan ba haka ba ne. Tun a hanyar dawowa ya gaya wa Manaja cewa motar ta matse shi, kuma ya sake faɗa a ofis ranar Litinin. Dillalin ya tabbatar mini ya ba ƙungiya mako guda na musanya, muddin ba a taɓa jikin motar ba. Sai aka yi ta ce wa Baba Obadiah ya yi haƙuri zai saba, kamar sabon takalmi. Kafin makon ya cika aka rubuta sunan ƙungiya a ƙofofi da fenti, ranar Asabar 17 ga Mayu kuma aka tara mu a harabar ofis, Fasto ya yi addu'a, Liman ya yi addu'a, muka ce amin baki ɗaya, aka sha lemo. Ni ma ina wurin.

Da ya koma da maganar a karo na uku, Manaja ya amsa masa cewa motar da Fasto da Liman suka haɗu suka sa wa albarka ba a mayar da ita, yin haka kamar mayar wa Allah kyautarsa ne. Baba Obadiah dattijon ikilisiya ne, wannan magana ta ɗaure masa baki, bai ƙara tayar da ita ba. Ni ma na yarda da addu'a, Ranka ya daɗe. Amma na tsaya a wurin daga farko har ƙarshe, ban ji Fasto ko Liman ya roƙi Allah Ya rage wa Obadiah tsawon ƙafa ba.

4. Waldar da aka yi wa kujera.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma ina roƙon Shugaba ya karanta shi a tsanake.

A tafiyoyin ƙungiya, Manaja yana zama a baya ta hannun dama, wurin mai gida. Ma'aji tana zama a bayan direba. Kujerar gaba da ke gefen direba kuwa ba mai zama, domin a ganinsu wurin ɗan aike ne, babba ba ya jerawa da direbansa. Kular abinci da jakar takardu ake ɗorawa a kai, har a ɗaura musu bel. To Baba Obadiah idan ya tura kujerarsa ƙarshe don ya sami wurin ƙafa, sai ta taɓa gwiwar Madam Scholastica. Ta ce ya matsa gaba, ya matsa. Idan ya sauke ta, ya mayar baya. Washegari a sake. Madam ta ɗauki abin a matsayin raini, ta ce da gangan yake yi.

Ranar Asabar, 21 ga Yuni, lokacin da yake wurin jana'izar wani ɗan'uwansa a ƙauye, aka karɓi makullin motar aka kai ta wurin mai walda a Kafanchan. Aka liƙa guntun ƙarfe a kan dogon ƙarfen da kujerar ke gudu a kai, yadda ba za ta ƙara wuce tsakiya ba. Mai waldar ya gaya mini ya tambaya ko direban gajere ne, aka ce masa ya yi aikin da aka sa shi.

Haba, Ranka ya daɗe! Motar da ko an tura kujerarta ƙarshe da ƙyar gwiwarsa ke wucewa, ita aka rage wa rabi. Daga ranar ya koma tuƙi ba hula, ba takalmi, domin ko kaurin tafin takalmi yana ƙara ɗaga masa gwiwa. Yana karkatar da ƙafar dama gefe, yana tuƙi a sunkuye. Madam Keziya ta ce idan ya dawo daga tafiyar Kaduna sai ya daɗe a cikin motar kafin ƙafar ta yarda ta ɗauke shi, ita ce ke gasa masa gwiwa da ruwan zafi ta shafa man zafi. Ta ce ta roƙe shi ya ajiye makullin. Ya ce mata yana da 'ya'ya a makaranta, kuma ba ya so a ce tsufa ne ya hana shi aiki a kawo wani. Duk tsawon lokacin nan kular abinci tana zaune a gaba, ta miƙe abinta, ba mai takura mata.

5. Abin da ya faru a Godogodo.

Ranar Talata, 12 ga Agusta, da hantsi, ina cikin rumfata ina auna wa wata mata gyaɗa. Motar ƙungiya ta taho daga wajen Kafanchan ɗauke da Manaja da Ma'aji, ba gudu take yi ba, duk wanda ke bakin titin zai shaida. Wani ɗan acaɓa ɗauke da buhunan gawayi ya faɗo titi daga lungu bai duba ba. A hannun dama akwai mata masu gasa masara, sun kai biyar ko shida, wata da goyo. A ɗaya gefen rumfata ce.

Baba Obadiah ya ɗaga ƙafa zai taka birki, gwiwar ta maƙale a ƙarƙashin sitiyari, ba ta kai ba. Da abin da ya rage masa na juya sitiyarin ya kauce wa ɗan acaɓan, ya kauce wa matan, ya nufi ginshiƙin rumfata ta gefen da na tara buhunan citta, inda ya ga ba mutum. Rumfar ta zube, kwano ya yanke ni a hannu, buhuna suka fashe, jarkar manja ta kife. Iyakar ɓarnar ke nan. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi.

Ni ce ta farko da ta isa ƙofarsa, da niyyar in zazzage masa abin da ke bakina, domin raina ya ɓaci matuƙa. Na buɗe ƙofar. Na ga dattijo a naɗe, ƙafa ba takalmi, gwiwa a cushe ƙarƙashin sitiyari, wando ya yage, jini na bin ƙaurinsa. Bai ce a cire shi ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne a duba ƙarƙashin kwanon ko akwai mutum, a duba Hajiya. Ni da nake tsaye a gabansa ma bai gane ni ba. Maza suka zo suka ja hannun kujera don a tura ta baya, ta ƙi motsi. Wani ya leƙa ƙasa ya ce ai walda ce. Na durƙusa na gani da idona, na taɓa da yatsana. Sai da aka kwantar da bayan kujerar aka zaro shi ta ƙofar baya. Manaja da Ma'aji suna tsaye a gefe suna kallo, ko ƙwarzane babu a jikinsu.

6. Amfani da sunana.

Ranar Litinin, 18 ga Agusta, yana kwance a gida da gwiwa a ɗaure, aka aika masa takardar dakatarwa. An rubuta tuƙin ganganci, an rubuta tuƙi ba takalmi, sannan an rubuta cewa matakin ya biyo bayan ƙorafin memba Hajiya Rahmatu Lawal. Ba a ambaci walda ko sau ɗaya ba.

Wallahi tallahi ban kai ƙarar kowa ba, a rubuce ko da baki. Manaja ya zo ya yi mini jaje, na ce masa Allah Ya kiyaye gaba, na tambayi jikin direba. Shi ke nan abin da ya shiga tsakaninmu.

Ban san da takardar ba sai da na haɗu da Madam Keziya a kasuwar Kafanchan. Matar nan shekara da shekaru a wurina take sayen gyaɗa, ta san sunayen 'ya'yana, na san na nata. Na gaishe ta, ta kawar da kai ta wuce. Na bi ta har bakin masu kifi na riƙe mata zane, sai ta juyo tana hawaye, ta tambaye ni me mijinta ya yi mini da rumfar itace da kwano ta fi abincin gidansu. A nan na ji komai. Na koma gida ban iya cin abinci ba. Na rantse mata, ta saurare ni, ta ba ni labarin da na rubuta a sama, amma har yau idan ta dube ni ina ganin sauran shakka a idonta.

Shugaba ya fi ni sanin ƙasar da muke zaune, da wuyar da aka sha kafin manomi da ɗan kasuwa, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, su zauna a ƙungiya ɗaya. Yanzu magana tana yawo cewa Hajiyar Godogodo ta sa an kori dattijon ikilisiya saboda buhun citta. Wanda ya sa sunana a takardar nan bai yi tunanin inda maganar za ta kai ba, ko kuma ya yi tunanin bai damu ba.

7. Halin da yake ciki, da abin da nake tsoro.

Baba Obadiah ya fara takawa da sanda. Na je gaishe shi, na same shi zaune a ƙofar gida, ya goge takalman aikinsa ya ajiye a gefe. Bai zagi kowa ba, har haƙuri yake ba ni kan rumfa. Abin da ke damunsa kalmar nan ce ta ganganci. Ya ce a shekarunsa, direban da aka kora da wannan suna ba tasha, ba coci, ba makarantar da za ta ƙara ba shi makulli a ƙasar nan, kuma shi bai iya wata sana'a ba.

Motar tana garejin mai gyaran jiki. Labari ya iso mini cewa an umarce shi ya yanke ƙarfen waldar ya goge wurin idan ya zo gyaran gaba. Ya ce zai jinkirta, amma shi ma aiki aka ba shi, ba zai riƙe har abada ba. Idan aka yanke ƙarfen nan kafin Kwamiti ya gani, sai maganata ta zama maganar mace mai rumfa kawai.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Shugaba:

Ya aika yau-yau a hana taɓa kujerar direba har sai Kwamitin Amintattu ya gani.

Kafin zaman 27 ga Satumba, ya taka da kansa zuwa garejin, ya buɗe ƙofar gaba ba ta baya ba, ya zauna a inda Baba Obadiah ke zama, ya ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki. Shugaba ma ba gajere ba ne. Ba na neman wata shaida da ta wuce wannan.

A kira mai waldar da dillalin, a tambayi wanda ya ba da umarni.

A janye takardar dakatarwa, a goge kalmar ganganci, a mayar da shi bakin aikinsa, a kuma duba yiwuwar musanya motar da ruwan tokar tun tana nan. Idan kuma ba hali, a cire waldar bayan an gani, wanda ke bayan direba ya daure ya koma gaba, a sauke kula ƙasa.

Game da rumfata, na riga na tayar da ita da taimakon 'yan'uwa, ba na neman komai daga ƙungiya a kanta. Da bai zaɓe ta ba, da yanzu ta'aziyya muke karɓa a Godogodo.

Ina neman afuwa idan harshena ya yi kaifi a wani wuri, ɓacin rai ne, ba raini ba. An karɓe wa bawan Allah nan makulli da sunana ba tare da an tambaye ni ba. To ga sunan nan a ƙasa, wannan karon ni na rubuta shi da hannuna, hannun da kwanon ya yanka, kuma da shi nake roƙon a mayar masa da makullinsa.

Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Taka cikin biyayya da girmamawa,

Hajiya Rahmatu Lawal,
Memba, Shiyyar Godogodo.

Kwafi zuwa ga:
Madam Keziya Obadiah, a hannunta, domin ta karanta masa.